Is'haƙa da Wuyan Tafkin Marke

Duk wanda ya san Tungar Marke tun tana gari ya san Is'haƙa Mai Yasa. Gajere ne kakkaura, da zanen Gobirawa a kumatu wanda tsufa ya fara shafewa. Laka ta tsattsaga masa dugadugai, har matarsa Binta takan ce da za a jefa ƙwayar gero cikin fason nan da ta tsiro. Magana kuwa ba ta dame shi ba. In ka gaishe shi ya amsa, in ka ƙara ya ce "to, madalla," daga nan sai ka nemi wani ku yi hirar.

Tungar tana can bayan Gangara, a gindin wani jan dutsen marmara, tafkin kuma yana shimfiɗe tsakanin dutsen da gulbi. Ba ƙaramin tafki ba ne. Mai jaki in ya tashi zagaya shi da hantsi, azahar a hanya za ta same shi. Ruwansa ake sha, da shi ake wanki, a bakinsa Fulani ke shayar da shanu, da rani kuma a ja shi a ba albasa da tattasai. Bandar tarwaɗarsa har fatake masu ƙetarawa Maraɗi sun san ta, suna tsayawa takanas su saya.

Sai dai tafkin yana da ciwo a ƙasansa, kuma ba wanda bai sani ba. Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a can zai gaya maka: yashi ne a sama, sai jar laka, sai baƙar laka mai danƙo, ƙarƙashinta kuma wata farar ƙasa ce mai kanwa da ta taso tun daga gindin dutsen. Kullum tana jiƙa tana tsatsowa cikin ruwan. Abin da ya hana tafkin lalacewa wani ɗan kwari ne da ya haɗa shi da gulbi, wanda mutanen gari ke kira Wuya. In damina ta yi nisa gulbi ya kawo, sabon ruwa ya bi ta Wuya ya cika tafki ya dama shi. In gulbi ya ja baya, tsohon ruwan ya bi shi ya fita da zartsin shekara. Amma gulbi ba ya tafiya bai bar tsaraba ba, yashi yake jibgewa a bakin Wuya. Kwashe yashin nan kafin ruwan fari, shi ne aikin gidan su Is'haƙa tun kakanni. Shi ke sa rana, shi ke shiga gaba ya nuna zurfi da faɗi, maza su fito da fartanya da kwanduna, mata su biyo da fura. Ladansa kifin farko ne ranar da aka buɗe tafki aka yi su, wato kamun kifi na gayya, sai kuma albarkar da ake sa masa.

Aboki ɗaya yake da shi na gaske, taubashinsa Ɗanmusa, manomin albasa, dogo mai baki kamar ranar kasuwa. Uwar Is'haƙa da uban Ɗanmusa ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. Ranar yasa Ɗanmusa ba ya cika kwando biyu bai tsaya tsiya ba.

"Kai bawana, kowa na noman ƙasa shi samu hatsi, kai kana noman yashi ka samu mi?"

"In samu ruwan da albasakka ka sha, maras godiya," in ji Is'haƙa, ba tare da ya ɗago ba.

Wannan ita ce doguwar maganarsa ta shekara, kuma Ɗanmusa kaɗai ke iya fito da ita.

Aka yi wasu shekaru a jere gulbi bai kawo sosai ba, tafki bai wanku ba, har mata suka fara cewa ruwan yana nauyi a baki. Da bazara ta zagayo sai Is'haƙa ya ce bana a ƙara zurfi, a ƙara faɗi. Aka yashe Wuya yadda ba a taɓa yi ba, har raƙumi zai bi ta ciki ba a hango tozonsa. Ashe shekarar ce gulbi zai zo da fushinsa. Wata Laraba da hantsi ruwa ya cika tafki, ya haye gefe, ya bi gonaki, ya shigo gari ta bayan masallaci. Ginin ƙasa kuwa in ya sha ruwa ta gindi ba ya shawara da kowa, zaunawa yake yi. Mutane suka kwashi yara suka yi kan dutse. Kadijatu matar Ɗanmusa ta riga ta fita, ta kai rabin hanya, sai ta tuna da tunkiyarta mai ciki da ke ɗaure a turke. Ta koma ta kwance ta, tana juyowa katanga ta faɗo mata. Tunkiyar ta hau dutse da kanta.

A faɗi gaskiya, ruwan shekarar bai ƙyale kowa ba. Ƙauyukan da ba su da tafki balle Wuya su ma a tudu suka yi kwanaki. Ko da Is'haƙa bai taɓa yashi ko ƙwaya ba, ruwan nan sai ya shigo. Amma wanda aka yi wa mutuwa ba ya jin irin wannan lissafi, abin da idonsa zai gani ya nuna yake nema. Bayan addu'ar bakwai maza suka taru gindin marken da ke ƙofar masallaci. Ɗanmusa ya miƙe, ya rame, idonsa ya faɗa. Bai dubi inda Is'haƙa yake ba.

"Jama'a, ni ban zo hwaɗa da kowa ba. Abin da Allah yay yi, ya yi. Amma in dai Wuya na buɗe, ba ni ƙara kwana garin ga. Ku zaɓa."

Ba wanda ya ambaci sunan Is'haƙa, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Dattawa suka yi ta gyaran murya, kowa yana jiran mai Wuya ya ce wani abu. Shi ne ya fi kowa sanin abin da farar ƙasar nan za ta yi in aka bar ta da ruwa a kulle. Ya sunkuyar da kai yana murza carbi har aka shafa fatiha.

Da ya koma bukkar da suka kafa a tudu, Binta ta tare shi.

"Malam, kai kas san abin da ke ƙasan tabkin ga. Mi yah hana ka hwaɗi?"

"In hwaɗa ma wa? Ma wanda yab binne matatai makon jiya?"

Ruwa yana janyewa, shi ya fara ɗaukar dutse a ka ya kai bakin Wuya. Abin haushin ma shi ne, da ya yi aikin ha'inci, ya tara yashi da buhuna kamar yadda kowa zai yi, da gulbi ya ture abin a damina ta gaba an huta. Ina! Is'haƙa bai iya aikin wasa ba. Ya sa aka fasa marmara daga dutse aka jera, aka cike tsakani da baƙar laka aka daddale, aka kafa turakun itacen geza, ya bi saman ya dasa ciyawar jema don saiwarta ta riƙe. Ya yi wa Wuya madatsin da ko giwa ba ta motsa shi. Yana yi yana jin kamar diyya yake biya, alhali ba wanda ya ce ya biya.

Shekarun farko sai sambarka. Gulbi ya kawo, ya bugi madatsi ya wuce, gari ya kwana da barcinsa. Ruwan sama da ke gangarowa daga dutse yana ƙara wa tafki, ba a ga ya ragu da yawa ba. Har masu yabo aka samu, suna cewa ai da tuntuni aka yi haka. Wasu suka share tsohon kwarin suka shuka dawa a ciki.

Mai shayin ƙofar masallaci ne ya fara ƙorafi, wai ko ya zuba sukari kamar hauka shayinsa ba ya daɗi. Sai mata suka ga wanki ba ya fita, zane yana bushewa da fari-fari a jikinsa. Da rani gefen tafki ya fara yin ɓawo, fari fat kamar an watsa gari, in ka taka ya yi ƙaras. Bado ya ɓace. Wata safiya ta tsakiyar bazara aka tashi karfasa ta taso saman ruwa ciki sama, tun daga wannan gefe har wancan, wari ya hana kowa cin tuwo. Tarwaɗa mai taurin rai ta ɗan jure, daga baya ita ma ta bi sahu. Shanu su zo da gudu, su sa hanci, su ɗago su tsaya suna kallon makiyayi. Fulani ba su yi gardama da kowa ba, hanya kawai suka sake. Albasa ta riƙa ƙonewa daga bakin ganye tun ba ta yi kai ba. Rijiyoyin gari, da yake jijiyarsu ɗaya da tafkin, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Yara ne suka fi shan wuya, ciki ya yi ta murɗa yana gudu. Ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗebi ruwan a kwalba, suka dawo suka ce kada a ƙara ba yaro, manya ma in da hali su bari. Aka taimaka aka haƙa musu fanfon tuƙa-tuƙa, bututun ya faɗa cikin farar ƙasar nan, ruwan ya fito garai-garai gwanin sha'awa, a baki kuwa sai ka tofar. Ya zamana ruwan sha sai mata sun kora jakuna da jarkoki zuwa wajen Gangara. Hanyar kuwa a 'yan shekarun nan ba ta da tabbas, ɓarayin daji na iya ɓullowa ko da rana tsaka. Maza ba sa bi don su ake nema a kama, sai matan su fita a ayari, ba mai magana, kowa kunnenta na sauraren ƙarar babur. Binta da furfurarta tana cikinsu.

Magani ɗaya ne, kuma yaron goye ma ya san shi: a fasa madatsi. Amma wa zai faɗa? Mai gari ya ce maganar Wuya ta gidan su Is'haƙa ce. Dattawa suka ce sai dai a ji ta bakin Ɗanmusa, tunda shi aka yi wa rashi. Kowa ya tura wa wani ya koma gefe. Tsakanin taubasan nan biyu kuwa wasa ya mutu tun ranar gindin marke. Ba gaba suke yi ba, da ma gaba ce da an sasanta su. Gaisuwa suke yi mai tsawo, cike da ladabi, kamar surukai.

Ba sau ɗaya ba Is'haƙa ya saka hula ya nufi zauren Ɗanmusa da maganar a bakinsa. Sai ya tarar da shi zaune shi kaɗai, bai sake aure ba, rigarsa da yagar da ba mai ɗinke masa. Maganar ta maƙale. Su yi zancen fara da tsadar taki, ya tashi ya dawo.

"Kullum za ni, za ni," in ji Binta wata rana tana sauke jarka, ƙafafunta sun kumbura. "Ka tahi ka ishe shi ka komo da maganakka cikin aljihu. Mu kau muna bisa hanya rai ga hannu. Malam, kunyar mutum guda ta cinye gari, kana kallo!"

Ya san gaskiya ta faɗa, kuma ya ji kunyarta ita ma, sai kunyar ta zama biyu ta danne shi wuri ɗaya.

Gari ya fara zubewa. Yau a ga an ɗora gado a kan amalanke, gobe a ga ƙofa an toshe ta da ƙaya. Wasu suka yi Sabon Birni, wasu Isa, wasu suka ƙetara Nijar wajen dangi. Tsoron ɓarayi ya kori wasu, amma ko waɗanda suka ƙudura za su jure wa ɓarayi ba su iya jure wa ƙishirwa ba. Ɗan Ɗanmusa na ƙarshe da ya rage a Tungar, 'yarsa ƙarama ta kwanta ciwon ciki har aka fitar da rai da ita. Da ta farfaɗo ya kwashe iyalinsa ya bar garin, ya roƙi uban ya biyo su, uban ya ƙi.

Kwana kaɗan bayan haka, Is'haƙa yana zaune ƙofar gida da safe, sai ya ga inuwa ta tsaya a kansa. Ɗanmusa ne da fartanya a kafaɗa.

"Tashi, bawana. Kai kat toshe ta, zo ka buɗe abinka."

Is'haƙa ya ɗago ya dube shi.

"Kai kas sa ni."

"Yanzu ma ni ka sa ka. Tashi, rana na yi."

Gidajen da suka rage ba su da yawa, mazan ciki kuma yawanci tsofaffi ne. Suka yi shawara a taƙaice: za a buɗe Wuya, in sabon ruwa ya shiga bana a zauna, in bai shiga ba ana gama girbi kowa ya kama gabansa. Aka fito a zafin bazara, har da mata masu kwando. A nan Is'haƙa ya gamu da aikin hannunsa. Laka da marmara sun haɗe sun zama abu ɗaya, saiwar jema ta saƙa su kamar tabarma. Fartanya ta buga ta dawo, diga ta buga ta yi tartsatsi. Tsofaffi suna haki suna tsine wa wanda ya gina, shi kuwa yana tsakiyarsu yana cewa amin. Ranar ne aka ƙara jin dariya a Tungar Marke, ta ɗan lokaci.

Da ƙyar da jiɓin goshi aka fasa kafin ruwan fari. Is'haƙa ya haye kan ragowar madatsin ya duba gaba. Da can daga nan gulbi jifa ɗaya ne. Yanzu yashi ne shimfiɗe, tudu bayan tudu, har geza ta yi daji a kai. Duk shekarun da gulbi ya yi yana bugun madatsi yana juyawa, kayansa yake saukewa a wurin, har ya gina wa kansa katanga ya koma bin wancan gefen. Ya san ƙarfin tsofaffin nan ba zai ratsa yashin ba. Bai faɗa ba, wannan karon ma. Ya sauka ya ja layi da fartanya, suka bi shi suna haƙa ɗan siririn lambatu, iya inda ƙarfinsu ya kai kafin shuka ta ɗauke hankalin kowa.

Damina ta yi kyau. Da marka ta kama, labari ya zo daga garuruwan da ruwa ke fara isa cewa gulbi ya kawo. Aka kwashe kaya da awaki aka kai kan dutse, don kowa yana tuna wancan karon. Suka zauna can suna jiran ambaliya kamar masu jiran baƙo. Ɗanmusa tun da aka ce ruwa na tafe ya daina cin abinci. Amma bai ce a sake toshe Wuya ba.

Ran nan da la'asar ruwa ya hau kan yashin, ja wur, da kumfa da karare. Ya lalubo bakin lambatun ya shiga. Mata suka rangaɗa guɗa daga kan dutse. Is'haƙa ya faɗa ciki da fartanya yana tafe da baya-baya a gaban ruwan, yana share masa hanya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin akuya. Ruwan ya biyo shi. Amma duk inda ya jiƙa, gefen yashin sai ya zube ya cike hanyar. Ya kwashe nan, can ya rufta. Sauran tsofaffin suka shigo da hannu da ƙwarya. Ruwa ya matso, ya matso, har ana hango farin ɓawon tafki ta cikin ɓarakar madatsin, sai ya tsaya. Suka yi ta yi har magariba bai ƙara ko taki ba. Is'haƙa ya karyo kara ya kafa daidai bakin ruwan, suka hau tudu.

Gari na wayewa ya sauko, Ɗanmusa na biye da shi. Karan yana nan a tsaye cikin danshi, ruwan kuwa ya bar shi a baya da kusan tsawon mutum. Gulbi ya fara sauka. Babu wata ambaliya da za ta zo bana, babu sabon ruwa, babu Tungar Marke bayan girbi.

Suka tsaya suna kallon karan. Sai Ɗanmusa ya saki wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauko, bakinsa ya ce, "Alhamdu lillahi."

Shi kansa sai da ya ji abin a kunnensa sannan ya san ya faɗa. Ya kai hannu ya toshe baki, ido ya kawo ruwa.

"Is'haƙa, wallahi ba haka nika nuhi ba. Wallahi..."

Maganar ta soki Is'haƙa har ƙashi. Ya so ya ji haushi, ya nema bai samu ba, sai tausayi da wata irin gajiya. Mutumin nan ya yi bazara guda yana haƙa wa abin da ya fi tsoro a duniya hanya da hannunsa.

"Na sani, ɗan'uwa," ya ce. "Hau ka ci abinci."

Ɗanmusa ya juya ya nufi dutse yana kuka, bai ko ɓoye ba. Is'haƙa ya naɗe ƙafar wando ya sauka cikin lambatun, ya ci gaba da kwashe yashi daga gaban ruwan, ruwan kuwa yana ta ja da baya.